FAGGE BAYAN ISHA'I: TEBURIN BAKIN TITI DA MU 'YAN MATA

 

Duk wadda ta saba karanta littattafan soyayya ta san yadda ake yi in saurayi zai fita da budurwa cin abinci. Sai ki ji ya ɗauke ta a wata danƙareriyar mota, sun nufi wani katafaren otal mai sanyin iyakwandishan, ma'aikaci mai farar riga ya rusuna ya miƙo takardar abinci, ita kuwa gimbiyar ta ɗan tsakuri cokali biyu ta ture faranti ta ce ta ƙoshi. To, wannan a littafi ke nan. Amma tsakani da Allah, mu nawa ne muka taɓa taka ƙofar irin wannan wuri? Inda Kano take cin abincin darenta a waje ba wani ɓoyayyen wuri ba ne, yana nan a bakin titi, a kan benci, ƙarƙashin ƙwan lantarki guda, hayaƙin tsire yana shiga ido, adaidaita sahu na wucewa ta bayanki.

A kan wannan teburi nake son mu tattauna yau. Na zaɓi Fagge ne don ita ce tsakiyar hada-hadar gari, kuma ita na fi sani. Akwai kuma wata tambaya da ta daɗe tana cin raina, wadda na tabbata ta taɓa ɗarsuwa a zuciyar da yawa daga cikinku: abincin nan rabinsa mata ne suka dafa shi, 'yan mata ne suka ɗauko shi a ka, to me ya sa in an zo zama a ci, sai a ce mace ba ta da gurbi?

ME YA SA SAI FAGGE?

Kakata takan ce Fagge ba ta taɓa sanin barcin wuri ba, kuma in kin bi tarihi sai ki ga gaskiyarta. Unguwar tana wajen ganuwa ne, tun zamanin da nan ne zangon da ayarin Buzaye da Azbinawa kan sauke raƙumansu in sun kawo gishiri da sauran haja daga arewa. Baƙon da ya sauka zango kuwa ba shi da matar da za ta tuƙa masa tuwo, dole ya nemi na saye. Kin ga tun daga nan aka fara.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai cinikin gyaɗa da fata ya buɗe, Kwarori 'yan Siriya da Labanan suka zo suka kafa kantuna a wurin da yanzu ake kira Kantin Kwari. Yau in ana maganar atamfa da shadda da leshi a Afirka ta Yamma, ba a tsallake Kwari. Ga Wapa ta 'yan canji, wadda ta gaji sunanta daga wani kamfanin jigilar alhazai na tun kafin samun 'yancin kai a 1960. Ga Kasuwar Singa, ga ta Sabon Gari ba nisa, ga Abbatuwa inda ake yanka shanu da raƙuma, ga kuma telolin Fagge waɗanda in Salla ta ƙarato keken ɗinkinsu ba ya hutawa sai asuba.

Ki kwatanta a ranki yawan mutanen da suke wuni a wannan tsakani. Ɗan kasuwa ya zo sarin kaya daga Maraɗi ko Damagaram ko Injamena, ya kama masauki. Yaron kanti ya wuni yana naɗe atamfa, gidansu kuma can Rijiyar Zaki ko Hotoro. Ɗan dako ya sauke dila ta ƙarshe, direba yana jiran a gama lodi. Dukkansu da yunwa a cikinsu, kuma ba mai tukunya a kusa. Babana ya ce a zamanin samartakarsu akwai ƙarin wata runduna, wato 'yan kallon silima, in an taso daga Plaza ko Orion ko Eldorado sai a yi ca a kan mai shayi ana bitar fim ɗin Indiya. Bidiyo ya shigo gidaje, an ƙaddamar da Shari'a a 2000, harkar silima ta ja da baya, amma mai shayi yana nan daram, sai dai yanzu 'yan gidan kallon ƙwallo ne suka gaji bencin.

ABIN DA KE KAN TEBUR

Da an idar da sallar Magariba sai gari ya canza kama. Ƙofar shagon da aka wuni ana ciniki sai ki ga an share ta, an yayyafa ruwa, an jawo tebur da bencina. Kafin Isha'i wuta ta kama, ƙamshi ya game layi.

Sarkin wurin dai shi ne mai shayi. Teburinsa kaɗai abin kallo ne: gwangwanayen madara da Bournvita da Milo an jera su kamar gini, burodi an ɗora wani kan wani, kiret ɗin ƙwai a gefe, ga ƙatuwar buta a kan gawayi tana tafasa da citta da kanumfari. Mai kuɗi ya ce a haɗa masa kauri, wanda aljihunsa ya yi sanyi ya ce ruwan bunu, kuma duk a benci ɗaya za su zauna. In kin ga yadda yake sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ko ɗigo bai zuba ba, sai ki rantse makaranta ya shiga ya koyo. Iyayenmu sun san mai shayi da burodi da wainar ƙwai ne kawai. Indomie daga baya ta zo, asalinta daga ƙasar Indunusiya, a tsakiyar shekarun 1990 aka fara yin ta a Ota ta jihar Ogun, amma yanzu ta zama kamar da ita aka haifi sana'ar, har ta kai mai shayin da ba ya dafa ta sai a ga kamar bai cika ba.

Kusa da shi za ki tarar da mai tsire. Ya yanka naman saniya siri-siri, ya soke a tsinke, ya turbuɗa a garin ƙuli-ƙuli da aka haɗa da citta da barkono da masoro da gishiri, ya kafa tsinkayen kewaye da wuta a tukuba, yana juyawa yana yayyafa man gyaɗa. Wani kuma balangu ne nasa, tsoka da kitse da kayan ciki a kan raga, an lulluɓe da takarda don ya dahu da tiririnsa. Kafin ki saya zai yanko miki ɗanɗano a bakin wuƙa, in kin saya ya ƙara miki gyara, ya watsa albasa da yaji. Ga masu gasa kaji da zabbi, ga mai kilishi da tirensa, ga mai kankana da abarba ya yanka ya jera, ga mai rake, ga masu fura da nono ko da yogot mai sanyi.

Amma ni abin da ya fi tafiya da ni shi ne gurasa, don ita ce tamu ta Kanawa. Larabawa ne suka zo da ita, ta zauna a cikin birni har aka samu wurin da ake kira Ceɗiyar 'Yan Gurasa, kuma har gobe in an ce gurasa sai a tuna Jakara. Mata ne ke kwaɓa fulawa ko garin alkama, su manna a jikin tanderu mai zafi, su ciro da hannunsu. In aka yayyafa mata ruwan ɗumi, aka zuba ƙuli da man gyaɗa da yaji da albasa da tumatir ta zama bandashe, aka kuma samu tsire mai zafi aka haɗa, ke dai bari 'yar uwa, ba a cewa komai. Wanda ya ce miki sai a otal ake cin daɗi, ki ce masa bai ci bandashe da yunwa ba.

A ɗan gefe kuma, inda haske bai cika yawa ba, nan za ki ga mata. Wata dattijuwa da tandar waina da miyar taushe, wata da kaskon ƙosai, wata tana suyar awara, wadda ake yi da waken suya, kakanninmu ba su tashi da ita ba amma yau ba layin da babu ita. Wata doya da ƙwai, wata dankali. Galibinsu zawarawa ne ko waɗanda mazansu suka rasu ko ƙarfinsu ya ƙare, da wannan kasko suke biyan haya, da shi suke biyan kuɗin makarantar 'ya'ya.

FALON MAZA A BAKIN TITI

Ba ci kaɗai ke kai maza wurin ba. Teburin mai shayi majalisa ce. A nan ake sauraron labaran rediyo a yi musu fashin baƙi, a nan ake musun siyasa da na Kano Pillars da Arsenal, a nan ake jin wa ya samu, wa ya karye, ina ake neman yaron shago, wane gida ne za a bayar haya. Mai shayi kuwa ya san sirrin layi fiye da mai unguwa, ya san wanda ke shan bashi har ƙarshen wata, ya san magidancin da aka yi wa yaji don tun ranar yake zuwa cin Indomie. Kusan duk gidan haya ɗaki ɗaya ne ko biyu, ga zafin bazara, ga rashin wuta, sai titi ya zama shi ne falon talaka.

Ba mu kaɗai ne da wannan al'ada ba. A Faris ta ƙasar Faransa ana jera kujeru a bakin titi suna fuskantar masu wucewa, mutum ya sayi gahawa kofi guda ya zauna awa biyu. A Alƙahira akwai wani tsohon gidan shayi da ake kira Fishawi a kasuwar Khan al-Khalili, inda marubucin nan Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, yakan zauna yana kallon jama'a. Da na ji haka sai na ce a raina, lalle marubuci namiji ya huta. Shi ya zauna a benci labari ya zo ya same shi, ni kuwa sai dai in leƙa ta tagar adaidaita, ko in tsare ƙanena in ce ya ba ni labarin abin da aka ce a wajen mai shayi.

Don a wurinmu an san dokar ko da ba a rubuta ta ba. Mace ta aika yaro ya sayo mata, wannan daidai ne. Ta tsaya daga nesa cikin hijabinta a ƙunsa mata ta wuce, wannan ma da sauƙi. Amma ta ja benci ta zauna ta ce a haɗa mata kauri? Tab! Kafin ta kai kofi baki labari ya kai gidansu, ya kai gidan surukan da ba ta ma kai ga samu ba.

Ban ce iyayenmu ba su da hujja ba. Dare mahutar bawa ne, amma kuma mayafin mugu ne. Akwai 'yan shaye-shaye, akwai masu ƙwacen waya, akwai masu motocin da ke rage gudu in sun ga mayafi. Duk uwar da ta hana 'yarta fitar dare ta san abin da ta hango, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Inda nake da magana shi ne, in har bencin nan haɗari ne ga budurwa mai shekara 20 da ta zo da yayanta, to yaya aka yi bai zama haɗari ga yarinya 'yar shekara 10 mai tallan dare ba?

Ku duba da kyau in kun wuce. Tsakanin teburan nan akwai ƙananan yara mata da farantan gyaɗa da dafaffen ƙwai da goro da awara a ka, har ƙarfe goma, wani lokaci har sha ɗaya. Wannan ya kira ta, wancan ya ja mata rai kafin ya biya, wani ya faɗa mata maganar da ko babbar mace ta ji sai ta toshe kunne. Gobe da safe kuma ana so ta je aji ta gane lissafi, in ma an sa ta makarantar ke nan. A 2019 gwamnatin jiha ta shelanta ilimi kyauta kuma dole, amma farantin talla bai sauka daga kan yaran nan ba, domin uwa tana cikin gida tana lissafin kayan ɗaki da gara, uba kuma ya sakar mata ragamar cefane. Wato wadda ta isa ta kare kanta an ce kada ta zauna, wadda ba ta isa ba ita aka tura tsakiyar maza. Wannan lissafi ni dai bai fita a wurina ba.

ABIN DA YA SAMI WATA ƘAWATA

Bari in ba ku labarin wata ƙawata da muka gama sakandire tare, ba zan kama suna ba. An kai kuɗin gaisuwarta, har an fara maganar sa rana. Ana saura kwana huɗu Ƙaramar Salla, ita da yayanta da matarsa suka je karɓar ɗinki a Fagge bayan an taso daga asham. Tela ya ce su ba shi rabin awa ya ƙarasa. Ga yunwa, don ba wanda ya ci abin kirki da buɗa-baki, sai yayan ya ce su zauna wajen wata mai waina da ke daura da shagon. Suka zauna su uku, suka ci, suka karɓi ɗinki suka tafi gida.

Ashe wani abokin angon ya gifta a mota, bai ga matar yayan ba don ta juya baya, shi kuma bai san yayan ba. Kafin gari ya waye magana ta zama an gan ta da wani ƙato suna cin abinci a titi da tsakar dare. Washegari da yamma sai ga saurayin ya zo zance fuska a murtuke, ko gaisuwar kirki babu.

Ya ce, "Jiya ina kika je?"

Ta ce, "Fagge, karɓar ɗinki, ni da Yaya da Anti."

Ya ce, "Ni ba haka aka gaya mini ba. Kuma ko da wa kike, matar da zan aura ba ta zama a titi kamar mara galihu."

Ta shiga gida tana kuka. Mahaifiyarta, mace mai dattako, ta sa aka kira shi soro. Ta ce masa, "Ɗan nan, ni na ba su izini, kuma da muharraminta ta fita. In kana da tambaya ga yayanta nan. Amma ka yi tunani, yau tun ba a ɗaura ba ka ɗauki maganar mai wucewa a mota ka ajiye tata, to gobe in ta shiga gidanka wa zai tsaya mata?"

Ya dawo bayan Salla yana ba da haƙuri, manya suka shiga tsakani. Ita dai ta ce a ɗaga maganar sa rana tukuna, ta ƙara nazarinsa. Da na tambaye ta, cewa ta yi ba kishin ne ya dame ta ba, don kishi kumallon mata ne amma maza ma suna da nasu. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, shi kullum a wannan layin yake cin tsirensa da abokai har sha biyun dare, bai taɓa ganin kansa mara galihu ba.

Na kawo labarin nan ne don ku ga abu biyu. Na farko, mutuncin 'ya mace a garin nan kamar ƙwai yake a cokali, wainar naira kaɗan ta isa ta girgiza aure. Na biyu, ƙaramin abu irin wannan shi ke fito da halin mutum fili, fiye da kalaman da yake rattabo miki a waya.

RANAR DA TITI YA YI SHIRU

Ba a sanin darajar hayaniyar nan sai ranar da aka rasa ta. Ina 'yar firamare lokacin da aka kai hare-haren 20 ga Janairu, 2012, aka sa dokar hana fita. Abin da na fi tunawa shi ne shirun dare, babu ƙarar cokali a kofi, babu ƙamshin nama, ko kare ya yi haushi sai gaba ya faɗi. A farkon 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja. A watan Afrilu na 2020 kullen korona ya zo, har azumi ya riske mu a ciki, masu kasko da masu tukuba suka zauna a gida ba ciniki, kuma su ne masu cin na yau su nemi na gobe. A 2022 aka taƙaita zirga-zirgar adaidaita sahu daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, sai ga mai shayi da mai awara sun koyi karɓar tiransifa. A ƙarshen watan Mayu na shekarar aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta: fulawa, sukari, ƙwai, gawayi. Burodi ya ƙanƙance, tsinken tsire ya rame.

Duk da haka kowane karo da an sassauta sai ki ga an share ƙofar shago an jawo benci. Kuma wani abu da na lura da shi, layin da ke da mai shayi da fitila da jama'a ya fi aminci ga mai wucewa a kan lungun da ya yi tsit. Idon mutane ma wani irin gadi ne.

SHAWARATA GARE KI

Ƙanwata, ba cewa nake ki yafa mayafi ki tafi majalisar maza ki zauna ba, kada wata ta je ta ce ni na aike ta. Ga dai abin da nake gani.

Kada ki fita sai da sanin iyayenki, kuma tare da yayanki ko ƙaninki ko wata babba. Saurayi ba muharrami ba ne komai kusantowar biki. Wanda ya ce ki zo ku je ku ci kaza a ɓoye ba tare da an sani a gida ba, ba yunwarki ce ta dame shi ba. Mai sonki da gaske zai sayo ya kawo soro, har da na Umma da na ƙanne. Kuma kada ledar tsire ta rufe miki baki, ki kasa cewa a'a a inda ya kamata. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

In fitar ta kama, ku zaɓi wuri mai haske, inda ake ganin iyalai, ku fi karkata wajen mata masu sana'a, ku dawo da wuri. Ki lura da yadda wanda ke neman aurenki yake yi wa mai waina da almajiri da 'yar talla magana in hanya ta haɗa ku, don yadda ya ɗauke su haka zai ɗauke ki ranar da zumuɗi ya wuce.

Ki kula da cikinki. Ki ci abin da aka sauke daga wuta a gabanki, ki sa a mayar da nama kan wuta ya yi zafi. Ki dubi ruwan da ake wanke kofuna da faranti, ki dubi man suya in ya yi baƙi ƙirin ki haƙura. Yankakken kayan marmari da ƙuda ya sha hawa, da ɗanyen kabejin da ba ki san da wane ruwa aka wanke ba, su ne hanyar taifot da amai da gudawa, musamman da damina. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da kwalara ta yi ɓarna a jihohi da dama har da Kano. In da hali ki tafi da kwanonki mai murfi, ya fi a zuba miki abu mai zafi a leda ko a naɗe a tsohuwar jarida.

Ga iyayenmu mata kuma, don Allah a dubi yaran nan. In tallan ya zama dole, a yi shi da rana bayan an taso makaranta, Magariba ta yi wa yarinya a gida. Babu gadon da babu kabet ɗin da ya kai darajar abin da za a iya raba ta da shi a dare ɗaya.

Su kuma yayyenmu maza masu benci, na san kuna karɓar mujallar nan a hannun ƙannenku kuna karantawa a ɓoye. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi a kan mai zama a bakinta, daga ciki akwai runtse ido, da kame cutarwa, da amsa sallama. Da ana kiyaye waɗannan, da ba uwar da za ta ji tsoron 'yarta ta bi ta gaban mai shayi. Masu wuraren ma ina ba su shawara su ware benci ɗaya a gefe, mai tsabta da haske, don magidanci ya zo da matarsa da 'ya'yansa. Matar da ta shekara tana tuƙa tuwo a ɗaki ɗaya, ai ta cancanci wata rana a ce mata, "Yau huta, sa hijabinki mu je ki sha iska, wani ya dafa ki ci." Wannan ma soyayya ce, kuma ba ta buƙatar danƙareriyar mota.

A nan zan dasa aya. Wadda take da ra'ayi, ko na goyon baya ko na suka, ta rubuto ta hannun edita, musamman ku 'yan Zariya da Katsina da Jos da Damagaram, ina son jin yadda abin yake a garuruwanku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Na bar ku lafiya.